Tambaya da Amsa: "Malam, na yi rajistar tseren kilomita 10 amma zagaye biyu ya gagare ni"

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan kusan rabin saƙonnin da suka shigo a kan gudu ne, ban san me ya tayar da jama'a ba, ko sanyin kaka ne da ya fara bugowa ko kuwa hotunan nan na masu rataye da lambar yabo da ake ta yawo da su a Facebook. Na tsinci waɗanda aka fi maimaitawa, wasu na ɗan datse su saboda fili, masu su ku yi haƙuri.

Tambaya: Salam Malam, ni matashi ne ɗan shekara 24 daga wani ƙauye a wajen Gaya, noma nake sai acaɓa in rani ya yi. Abokina ne ya zuga ni muka yi rajistar wani tseren kilomita 10 da za ai a birni nan da wata uku har na biya kuɗin fom. Ni dai na san ina da ƙarfi don ina wuni da fartanya kuma buhun masara ni kaɗai nake ɗaga shi, amma shekaranjiya da na gwada a filin firamare zagaye biyu kawai na yi na ji kamar ƙirjina zai tsage ga saifa ta kama ni ga yara suna ta min dariya. Dan Allah ya zan yi, ko dai in haƙura da kuɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Kuɗinka ba su faɗi ba, wata uku ya ishe ka har da rara. Na daɗe ina koyar da motsa jiki a sakandare, ba sai na tsaya a bakin filin nan ba na san abin da ka yi, shiga ka yi ka zura kamar wanda kare ya biyo saboda yara suna kallo. Mu a ƙauye gudu iri biyu muka sani, na ceton rai da na bin ƙwallo, kuma duk cikinsu ba wanda ke kai minti biyu. Gudun nesa sassarfa ce. Ka san yadda kake yi in hadari ya taso kana gona mai nisa, kana so ka riga ruwa zuwa gida amma ka san in ka zura ba za ka kai ba, sai ka saɓa fartanya ka kama 'yar sassarfar nan? Toh ita za ka koya, ba wani abu ba.

Awonta ma ba ya buƙatar agogo. Ku fita tare da abokin naka da ya zuga ka kuna tafe kuna hira, in za ka iya ba shi labarin yadda kuka kwashe da fasinja jiya magana na fita daidai ba ka sarƙe ba to kana kan hanya, in kuwa ta koma kalma ɗaya-ɗaya kana haki, ka yi sauri, rage. Zai yi maka kamar wasa, har kunya za ka ji don mai tafiya da sauri ma zai kusa jerawa da kai. Bar shi a haka.

Ga yadda nake tsara wa ɗalibaina. Kwana uku a sati kuma ba a jere ba, misali Asabar, Litinin da Laraba, bayan sallar asuba in gari ya yi haske. Kullum ka fara da tafiya mai ɗan sauri ta minti 5 jiki ya ɗau zafi. Sati biyun farko sassarfa minti 1, tafiya minti 2, ka maimaita sau 8 zuwa 10. In ba agogo kuma layin wuta ya bi ta hanyarku falwaya ma ta isa, ka yi sassarfa ka wuce uku ka taka ka wuce uku, wutar dai ba kullum ake kawowa ba gara turakun su yi mana wani amfanin. Sati na uku da na huɗu minti 3 gudu minti 2 tafiya sau shida, na biyar da na shida ka kai minti 8 ko 10 kafin ka taka na minti 1. Wajen sati na bakwai yawancin samari masu lafiya suna haɗa minti 30 ba tsayawa, wannan kuwa kilomita 4 ne ko ɗan fiye. Daga nan sai ka ware rana ɗaya a sati ta dogon zango, wannan satin kilomita 5, mai zuwa 6, sai 7, sai 8, sauran ranakun biyu ka bar su a minti 25 zuwa 30. Ba dole sai ka taɓa yin 10 cif kafin ranar ba, wanda ya yi 8 a nutse, jama'a da ihunsu za su ƙarasa masa biyun. Satin ƙarshe na hutu ne, fita biyu gajeru shikenan.

Tunda kana da babur awon nisa ba matsala ba ne in dai mitarsa na aiki. Ka tashi daga bakin masallaci ka ga wace bishiya ce a kilomita 1, wace ce a 2, in kukar nan ta bakin rafi ita ce biyu da rabi ka san zuwa da dawowa biyar kenan.

Inda nake jin tsoronka shi ne sati na huɗu zuwa na biyar. A lokacin numfashi ya buɗe, haki ya ragu, sai zuciya ta raya maka ai ka zama ɗan Kenya, ka tashi ka ninka zango rana ɗaya. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, 'yan makonni ne, amma ƙashi da jijiyoyin ƙafa watanni suke ɗauka. Ƙarfin da kake taƙama da shi gaskiya ne kuma zai yi maka rana, sai dai a baya da damtse yake, ƙwaurinka bai san duka ba tukuna. Kowane taku a guje nauyin da ke sauka a ƙafa ɗaya ya kai ninkin nauyinka biyu zuwa uku, kilomita 10 kuma taku ne kusan dubu goma, yi lissafi ka gani. Don haka ka koyi raba tsami da ciwo. Tsamin da ya game cinyoyi biyu, ya zo washegari ya tafi bayan kwana biyu, ba komai ba ne. Amma ciwon da za ka iya nuna shi da ɗan yatsa ɗaya a kan ƙashi, ko wanda ke ƙaruwa kana cikin gudu, ko ya sa ka ɗingishi, wannan tsayawa ake a huta kwanaki, in ya ƙi a tafi asibiti, kar ka kai wa mai ɗori ya yi ta ja yana murɗawa. Kuma ranar da ka wuni a girbi ko casa ka riga ka biya bashin ranar, kar ka ƙara gudu a kai.

Hanyar burji mai laushi ta fi komai daɗin koyo. Rairayi mai zurfi yana cin sharaɓa da agara, kaɗan-kaɗan ake shigarsa. Amma tunda tseren a kwalta za ai, a watan ƙarshe ka riƙa hawa kwalta sau ɗaya a sati, ka bi gefen hagu yadda za ka fuskanci motocin da ke tahowa, kar ka ba tirela baya.

Ita kuma saifar, a gaskiya ba saifa ba ce ke ciwo, sunan ne muka gada. Ta fi kama wanda ya cika ciki ya fito ko ya fara da ƙarfi. In ta zo ka koma tafiya, ka danna wurin da hannu, ka ja numfashi mai zurfi ka fitar a hankali, za ta sake ka. Batun lokaci kuma, in ka gama a minti 70 wato minti 7 kowace kilomita, na yi maka barka. Joshua Cheptegei na Yuganda ya yi mita 10,000 a minti 26 da daƙiƙa 11 a 2020, amma shi gudun ne gonarsa.

Tambaya: Malam ni matsalata mutane ce. Duk sanda na fito gudu da asuba sai an tare ni ana cewa lafiya? Rannan ma 'yan sintiri suka haske ni da tocila suka ce in tsaya, da ƙyar na yi musu bayani. Yanzu maiɗakina ta ce a rijiya ana ta magana wai ko iska ce ta taɓa ni. (Daga wajen Jahun)

Amsa: Wallahi sai da na yi dariya, ka gafarce ni ɗan'uwa. Ba laifinsu ba ne, a garuruwanmu magidanci in ya zura da gudu to ko gobara ko ɓarawo, kuma a yanayin da ake ciki 'yan sintirin aikinsu suka yi. Ka je ka gaida mai unguwa da shugaban 'yan sintirin ka gaya musu abin da kake yi da hanyar da kake bi, magana ta ƙare. Ka daina fita cikin duhu, ka jira sai ana iya gane fuska, ka sa farar riga ko jesi mai haske, banda rigar nan mai hula da ke rufe kai. Ka riƙa yi wa mutane sallama kana wucewa, ɓarawo ba ya sallama. In hanyarka ta bi ta ruga kuma kare ya taso, gudu shi ke ƙara masa ƙaimi, tsayawa ake a fuskance shi a ja da baya a hankali. Da damina ka kiyayi siririyar hanyar gona mai ciyawa saboda maciji. Masu maganar rijiya kuwa ka ba su wata ɗaya, za ka ga 'ya'yansu ne ke bin ka a baya.

Tambaya: Malam ni ɗalibi ne daga wajen Kazaure, kambas ɗin gudu da nake gani a waya kuɗinsa ya fi ƙarfin babana ma balle ni. Wani ya ce min akwai wanda ya ci gasar duniya ba takalmi, shin gaskiya ne, in haka ne ni ma in yi da ƙafata kawai?

Amsa: Gaskiya ne yarona. Abebe Bikila ɗan Habasha ne, ya ci gudun fanfalaki, wato mai kilomita 42, na gasar Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Amma wanda ya ba ka labarin bai ƙarasa maka ba, mutumin ya saba atisaye haka, kuma da ya sake ci a Tokyo a 1964 da takalminsa ya yi. Kai kuma ga ƙaya ga fasasshiyar kwalba ga kwalta mai zafi.

Ba sai mai tsada ba. Gwanjo ya wadatar, in ka shiga birni ka leƙa Ƙofar Wambai, ko ka tsaya wajen masu baza takalma ranar kasuwarku. Ka je da yamma don ƙafa tana ɗan kumbura zuwa lokacin, ka je da safar da za ka riƙa sawa, ka gwada duka ƙafa biyun kana tsaye. Tsakanin babban yatsa da bakin takalmin a samu faɗin babban yatsan hannu, in ya matse farce zai yi baƙi ya fita. Ka juya shi ka duba ƙasan, in ya cinye ta gefe ɗaya ajiye shi, tafiyar mai shi na farko zai koya maka. Ka danna soson da yatsa, in ya mutu ya yi tauri kamar katako shi ma ajiye. Banda but ɗin ƙwallo mai haƙora, banda silifas. Inda ke yi maka bororo ka shafa basilin kafin ka sa safa, haka tsakanin cinyoyi da hammata. Ka saye shi tun yanzu ku saba da juna.

Tambaya: Malam ina yi maka fatan alheri. Ni malamar firamare ce a wajen Birnin Kudu, shekarata 29 da yara biyu. Ina son in shiga tseren kilomita 5 na mata, maigidana ya amince, amma surukata ta ce gudu yana zazzago da mahaifa yana hana haihuwa. Sannan ban san irin kayan da zan sa ba.

Amsa: Na gode Malama, Allah ya raya zuri'a. Wannan magana ba a garinku aka fara ta ba, Turawa ma sun daɗe suna faɗarta suna hana matansu gudun nesa da ita. A 1967 wata mata Kathrine Switzer ta shiga gudun Boston a Amurka, wani jami'in gasar ya biyo ta yana son ya fizge lambar da ke jikinta, kuma sai a 1984 aka fara bai wa mata damar gudun fanfalaki a Olamfik. Tun daga nan mata ba adadi sun yi gudu sun haihu sun dawo sun ci gaba. Sassarfar minti 30 sau uku a sati ba ta hana haihuwa. Wadda ke da ciki ko ba ta daɗe da haihuwa ba, ko take jin nauyi a mara ko fitsari na zubo mata in ta yi tsalle, ita ce za ta fara ganin likita ko ungozomar asibiti kafin ta fara.

Abin da na fi so ki duba shi ne jini. Mata da yawa a karkara suna yawo da ƙarancin jini ba su sani ba, in kina saurin gajiya da jiri ki je a auna ki, ki kuma riƙe wake da zogale da hanta in an samu. Kaya kuwa dogon wando mai ɗan faɗi, riga mai dogon hannu da ta sauko gwiwa, ƙaramin hijabi mara nauyi da ba zai riƙa harɗe miki hannu ba, da rigar mama mai kama jiki sosai. Sifan Hassan, 'yar tseren ƙasar Holan da ta ci zinaren fanfalaki a Olamfik ta Faris a 2024, da hijabinta ta hau karɓar lambar yabon. Ki nemi malamai biyu ko uku ku riƙa zagaya filin makarantarku kafin yara su zo, ki bi tsarin da na ba ɗan Gaya a sama har zuwa sati na takwas. Ita kuma Hajiya kar ki ja da ita, ki bar ɗanta ya yi mata bayani, daga bakinsa zai fi shiga.

Tambaya: Malam abokaina da muke aikin bulo sun ce in zan shiga tsere in haɗiyi tiramol guda biyu ba zan ji gajiya ba har in gama. Ya kake gani?

Amsa: Ina ganin kar ka kuskura. Tiramol ba ya ƙara ƙarfi ko ƙwaya ɗaya, toshe maka kunne yake daga jin abin da jikinka ke faɗa. Ƙwauri na tsagewa ba ka sani ba, zafi ya yi maka yawa ba ka sani ba, sai dai a ga ka zube. Yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ga kama mutum da yake, kuma na tabbata a wajen bulon naku ka san wanda ya fara da biyu yanzu ba ya iya ɗaga shebur sai ya sha. Hukumar da ke yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ma ta haramta shi a lokacin gasa tun farkon 2024. Har magungunan ciwon jiki na kyamis irin ibuprofen da diclofenac ban yarda a sha don a yi dogon gudu cikin zafi ba, suna wahalar da ƙoda a lokacin da jiki ke ƙarancin ruwa. In gajiya ce ke damunka maganinta barci da tuwo.

Tambaya: Malam barka da aiki. Shekarata 53, ɗan kasuwar hatsi ne ni a wajen Dambatta, na yi teɓa kuma an taɓa ce min jinina ya ɗan hau. Yarana sun ce in bi su gudu. Sannan ya ake yi da hunturu da azumi?

Amsa: Barka kadai Alhaji. Yaran sun kyauta amma kar ka biye musu tukuna. Fara da asibiti, a auna jini da suga a saurari zuciya, ka gaya wa likita niyyarka ƙarara. In ya ba da dama ka yi wata ɗaya zuwa sati shida kana tafiya mai sauri kawai, minti 30 kwana biyar a sati, wannan ma ya cika minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so babba ya samu. Bayan nan sai a fara sa 'yar sassarfa a tsakani. Ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri, ko numfashi ya ɗauke fiye da kima, a tsaya nan take a nemi asibiti. Wannan gargaɗin ya haɗa da masu asma da masu sikila ko yara ne.

Hunturu lokacin gudu ne mai daɗi don ba zafi, sai dai ranar da ƙura ta rufe gari ba a ganin bishiyar gaba a zauna a gida, kuma a tsawaita ɗumama jiki, a shafa mai a dunduniya saboda faso. Bazara ce abin tsoro, daga Maris zuwa Mayu zafin nan yana haura digiri 40, in ba da sassafe ba a bari. Da azumi ba a ƙara zango, riƙe wanda ake da shi ake, ko 'yar fita ta minti 20 dab da magariba yadda ana dawowa ana shan ruwa, ko bayan asham in abinci ya faɗa. Fitsari shi ne ma'auni, in ya yi ja kamar shayi ruwa ya yi ƙaranci.

Tambaya: Malam ni fa ba na son ƙananan nan, na Legas nake so in je kai tsaye, mai kilomita 42. Ina buga ƙwallo duk yamma. Me zan ci ranar, kuma ya ake farawa? (Daga wajen Ringim)

Amsa: Sannu namijin duniya. Ka san nisan da kake magana kuwa? Kilomita 42 da mita 195, kusan ka tashi daga Kano a ƙafa sai Wudil. Gudun na Legas tun 2016 ake yin sa, yawanci a watan Fabrairu, a shekarun baya akan tashi daga babban filin wasa na Surulere a haye doguwar gadar nan ta Third Mainland a ƙare a Eko Atlantic, kuma zafin can mai gumi ne, zufa ba ta bushewa a jiki kamar a nan. Wajen kilomita 30 abincin da jiki ya tara a tsoka yake ƙarewa, nan ne ƙafa ke zama kamar an ɗaura mata turmi, ƙwallon yamma ba ta shirya mutum wa wannan. 'Yan Kenya da Habasha da ke cinyewa a kan tsaunuka suke atisaye, garin Iten na Kenya ya kai mita 2,400 a sama, mu ma nan gida shi ya sa gwanayen namu yawanci 'yan Filato ne, wajen Pankshin. Marigayi Kelvin Kiptum ya yi nisan nan a awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago a 2023, kowace kilomita ƙasa da minti 3, kai gwada guda ɗaya tak a haka ka ba ni labari. A Legas ɗin akwai na kilomita 10 a rana guda, akwai kuma na Okpekpe a jihar Edo da aka fara a 2013, shi ma 10 ne amma da hawa. Yi 10 bana, baɗi ka yi rabi wato 21, sannan mu yi maganar Wudil.

Abinci kuwa ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da za ka ci ko ka sa ranar ya zama ka gwada shi a atisaye. Daren jajibiri tuwo ko shinkafar da ka saba, ba yaji da yawa, ba tsiren bakin tasha. Da safe awa biyu zuwa uku kafin a tashi ka sha koko ko kunu da ɗan burodi, ko ayaba da dabino uku, ka zaga bayi tun da wuri don layi ake yi. Lambarka ka maƙala ta a gaban riga da fil tun dare. Ruwa kurɓa ake in an ji ƙishi, ba a ɗura wa ciki fiya wata huɗu a tashi ɗaya, yawansa ma yana da illa. In ka dawo ka yi zufa sosai, lita ɗaya ta ruwa da ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri ya isa.

Wajen tashi ka tsaya can baya. Ni tserena na farko ina ɗalibi a kwalejin horon malamai, kambas na aro a daren wanda ya fi ƙafata kyau amma ya matse, da safe kuma na nari ɗanwake kwano guda wai don in samu ƙarfi. Ana busa usur na fita kamar kibiya, kilomitar farko ni ne a gaba har ina waiwaye ina ganin 'yan ajinmu suna tafi. Kafin ta huɗu ina zaune a kan kwalbati, ɗanwake na neman hanyar fita ta sama, dunduniya duk ta saluɓe. Ina nan zaune sai ga wani dattijo mai furfura, tsohon soja ne aka ce, yana tafe da 'yar sassarfarsa kamar wanda aka aika sayen goro, ya dube ni ya ce samari taso mu ƙarasa. Na cire takalman na riƙe a hannu na bi bayansa ina kallon dugadugansa har muka shiga fili, shi na gabana da taku uku, mai kambas ɗin kuma yana tsaye a bakin layi yana jiran kayansa.